Teku a Ƙasar Ƙonni: Ko Ya Dace a Gina wa Yara Zauren Halittun Ruwa?

Duk wanda ya bi kwalta daga Birnin Ƙonni ya nufi gabas, kafin ya kai Galmi zai hango farar ƙurar masana'antar simintin Malbaza. Tun shekarun 1960 ake fasa dutse a wurin, ana niƙawa ana gasawa. Abin da yawancin matafiya ba su sani ba shi ne asalin wannan farin dutse. In ka ɗauki gutsure ka ƙura masa ido, wani lokaci za ka ga shatin ƙumba, ko na katantanwa, ko wata dunƙulalliyar halitta mai zanen tauraro a gadon baya. Masana ilmin ƙasa sun tabbatar cewa ɓawon halittun teku ne, waɗanda suka taru a ƙarƙashin ruwa kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, suka danƙare har suka zama dutse. Wato simintin da aka gina masallacin unguwa da shi, daga gindin tsohuwar teku aka haƙo shi.

Yau kuwa daga Ƙonni zuwa bakin teku mafi kusa, wajen Legas ko Kwatano, ko tsuntsu ne ya miƙe sai ya ci fiye da kilomita 800, a mota kuma tafiyar ta haura 1,000. Yaron da aka haifa a Tsarnawa ko Dogarawa ko Illela zai iya girma, ya yi aure, har ya aurar, bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinsu faɗi ba. To ko ya dace a kashe kuɗi a gina wa irin wannan yaro wurin da zai koyi yadda halittun teku ke rayuwa? Wurin da ake magana a kai ya bambanta da gidan ajiyar kayan tarihi, inda mai gadi ke bin yaro da tsawa kada ya taɓa. Zaure ne da aka shirya don ɗan shekara biyar zuwa goma ya ɗauka, ya jujjuya, ya zuba ruwa, ya ɗanɗana, ya yi tambaya. Bari mu kira shi zauren taɓa-ka-gani.

Duniya ta daɗe da sanin irinsa. A 1969 wani masanin kimiyya, Frank Oppenheimer, ya buɗe gidan Exploratorium a San Faransisko ta Amurka, inda aka yi kowane abin nuni don a taɓa shi. Manyan gidajen kifi, irin na Monterey da aka buɗe a 1984 a can Amurkar, da na Two Oceans a Afirka ta Kudu na 1995, sun tanadi ƴan tafkuna daidai tsayin yaro, inda yake sa hannu ya shafa halittun ruwa. Sai dai waɗannan duka a bakin teku suke, a ƙasashe masu hali. In aka jefa maganar a majalisar malamai ko ta iyayen yara a Ƙonni, za a rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da batun da ba a yarwa.

Hujjojin masu cewa a gina

Masu goyon baya sukan fara da damina. Kowa ya san hadari daga gabas yake haɗowa, amma laimar da yake ɗauke da ita daga kudu maso yamma ta zo. Iskar bazara, wadda ke korar hunturu ta kawo shamuwa, daga Tekun Atlantika take tasowa, ta mashigin ruwan Gine. Rana ce ke dafa ruwan tekun, tururi ya tashi ya bar gishiri a baya, iska ta turo shi ta kan Benin da Najeriya har ya iso mana. Ɗan ruwan da Ƙonni ke samu a shekara, kimanin milimita 500, wanda gero da dawa da wake suka dogara a kansa, can ne tushensa. Ashe ke nan, in ji su, babu wanda teku ta shafa kamar manomin da bai taɓa ganin ta ba.

Dattawa ba su manta da farin 1973 ba, balle na 1984 wanda ya haifar da yunwar da aka laƙaba wa suna Ƴar Buhari. An daɗe ana ɗora laifin a kan saran itace da yawan kiwo kawai. A 1986 masana yanayi na Ingila suka wallafa bincike mai nuna cewa ɗumin ruwan teku yana da babban hannu a ciki: idan tekunan kudu suka fi na arewa ɗumi fiye da yadda aka saba, damina kan ja baya a ƙasashen Sahel. Binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan. Teku ta rufe kashi 71 cikin 100 na doron duniya, kuma kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga ƙananan tsirran da ke yawo a cikinta take fitowa, tsirran da ido ba ya gani. Yaron da ya gama firamare bai san wannan ba, in ji su, ya bar babban babi a baya.

Hujja ta biyu a kasuwa take. A tsohuwar Hausa, kalmar kuɗi jam'in wuri ce, kuma wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi ɓawon wata ƙaramar halitta ce ta tsibiran Maldibas, a Tekun Indiya. Murjanin da amare ke ado da shi, in na ainihi ne, ƙashin wasu mitsi-mitsin dabbobin teku ne. Kifin gwangwani da ake tura wa burodi a teburin mai shayi, da kifin ƙanƙara na kasuwa, da shinkafar waje, duk ta ruwa suka zo. Ƙonni, garin kan iyaka, ta ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyakoki, kayan Nijar suka maƙale a tashar jiragen ruwan Kwatano, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Ƙasar da ba ta da gaɓar teku ta fi kowa bukatar sanin teku, shi ya sa ma Nijar ta amince da yarjejeniyar dokokin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2013.

Ta uku a makarantar allo take. Tun yaro bai iya ɗaura wando ba yake jin ƙissar Annabi Nuhu da jirginsa, da ta Annabi Musa da tsagewar bahar, da ta Annabi Yunusa a cikin kifi. Yana haddace Suratur Rahman inda aka ambaci lu'ulu'u da murjani. Amma in ka tambaye shi girman kifin da zai iya haɗiye mutum, sai ya kwatanta maka babbar tarwaɗa. Ga kuma samarin Adar da aka sani da tafiya bida: Abijan, Legas, Kwatano, Libiya. Da yawansu ranar da suka fara ganin teku ita ce ranar da za su yi dako a bakinta, wasu ma ranar da za su hau kwalekwalen roba a Bahar Rum. Hausawa na kiran wanda bai san duniya ba kifin rijiya. Masu wannan ra'ayi suna cewa rashin adalci ne a bar yaro a rijiya don kawai a nan aka haife shi.

Sai maganar hanyar koyarwa. Karatunmu na boko ya dogara da hadda: malam ya rubuta a allo, yara su kwafa, su maimaita da harshen da ba shi suke yi a gida ba. Gani kuwa ya kori ji, taɓawa kuma ta fi gani zama a ƙwaƙwalwar yaro. Faransa da muka gaji tsarin makarantunta ma ta gane haka. A 1996 Georges Charpak, wanda ya ci lambar Nobel a ilmin fiziya, ya jagoranci wani shiri na sa yaran firamare su riƙa gwada abubuwa da hannunsu kafin a gaya musu amsa. Yaron da ya ɗanɗani ruwan da aka narkar da giram 35 na gishiri a cikin lita ɗaya, aka ce masa haka teku take, ba zai sake tambayar dalilin da ya sa ba a ban ruwan albasa da ita ba.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce gado. Tekun da ta bar dutsen Malbaza wani dogon hannu ne na ruwa mai ɗumi, mara zurfi sosai, wanda a wasu zamunna ya ratsa inda Sahara take yau, ya haɗa tekun arewa da ta kudu. Ita ce ta bar dutsen Kalambaina da ake simintin Sakkwato da shi. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wani ƙaton mai jan ciki na teku, aka sa masa suna Goronyosaurus. A dutsen Igdaman, cikin jihar Tawa, an samu haƙoran wani ɗan'uwansa masu dunƙulallen kai, irin na fasa ɓawo, aka kira shi Igdamanosaurus a 1991. Ɗalibai a jami'o'in Turai suna furta sunayen garuruwanmu a darasin halittun teku, ƴaƴan garuruwan kuwa ba su da labari. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, yana da manyan ƙasusuwan dabbobin dauri, amma tsakaninsa da Ƙonni akwai fiye da kilomita 400. Yara nawa ne za a iya kaiwa?

Hujjojin masu cewa a dakata

Ɗaya ɓangaren ba ya musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake cewa shi ne, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hukumomin Nijar da kansu sun ƙiyasta azuzuwan zana na ƙasar a kusan 36,000. A watan Afrilun 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. A Nuwamban shekarar aka sake yin wata a Maraɗi, aka rasa fiye da haka. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa aƙalla tara cikin goma na yara ƴan shekara goma a Nijar ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane abin da ya ƙunsa. Uban da ɗansa ke zaune a ƙasa cikin rumfar kara, littafi ɗaya su biyar, in ka zo masa da zancen zauren teku zai ce maka: "Malam, ina mu ina teku? A fara ba shi benci."

Hujja ta biyu ta fi ta farko kaifi, ita ce ta riƙo. Gina abu ba shi da wuya kamar raya shi. Kifin teku ba tarwaɗa ba ne da za a jefa a randa a manta. Yana son ruwa mai gishiri daidai awo, mai sanyi daidai awo, da injin tacewa da na hura iska waɗanda ba sa hutawa dare da rana. A Ƙonni zafin Afrilu da Mayu kan wuce digiri 40 a inuwa. Wutar lantarki kuma kowa ya ga halinta a watan Agustan 2023, sa'ad da Najeriya, wadda a lokacin ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta, ta katse layi. Yini guda babu wuta ya isa ya kashe duk abin da ke cikin akwatin gilashi. Daga nan wa zai sake sayo kifin, da wane kuɗi, ta wace hanya?

Masu wannan ra'ayi ba sa zuwa nesa neman misali. Fadamar noman rani ta Ƙonni, mai faɗin hekta fiye da 2,400, an shimfiɗa ta ne a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, tana shan ruwan madatsun Mozage da Zango da matattarar Cerasa. Abinci take bayarwa da kuɗi, dubban iyalai ke ci daga gare ta. Duk da haka yashi da laka suka riƙa cike madatsun, magudanai suka lalace, har sai da aka nemo kuɗin hukumar MCC ta Amurka don gyara. In abin da ke ciyar da mutane ya sha wahalar samun kulawa, me ake tsammani ga ɗakin da ba ya kawo ko dala? Sun ce sun ga irinsa da yawa: ranar buɗewa a yi kiɗa, a yanke kyalle, a ɗauki hoto, bayan shekara biyu awaki ne ke kwana a ciki.

Ta uku ita ce ta dacewa. Me ya sa za a koya wa yaro kifin shak alhali bai san sunayen kifayen kogin Magiya ba? Ruwan da ke kashe yaranmu da raya su a nan kusa yake. Kowace damina ana rasa yara a kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Tsargiya na kama masu wanka a magudanan ban ruwa, ta hanyar wata ƙaramar katantanwa da yaro ke wasa da ita bai san ita ce maɓoyar cutar ba. Baƙar leda ta toshe kwatoci duk da dokar hana ta da aka kafa a 2014. Tafkin Ɗan Dutsi da ke yamma da Illela, da na Tabalak, an sa su cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a 2005, amma wane littafin firamare ne ya ba su shafi guda? Kai, ruwan Magiya ma bai san hanyar teku ba, a tafkin Kalmalo yake tsayawa, can tsallaken iyaka. Mun gaji, in ji su, da karatun da ke koya wa ɗan Adar dusar ƙanƙara kafin ya san raɓa.

Akwai kuma tambayar wa zai amfana. Zauren da aka gina a tsakiyar gari, ƴaƴan ma'aikata da na ƴan kasuwa ne za su cika shi. Yarinyar da ke tallar goro, da almajirin da ke yawo da roba, da ɗan makiyayin da ke bayan shanu, da ƴan makarantun ƙauyukan da babu mota sai ranar kasuwa, su fa? Wasu iyayen kuma suna da damuwa ta addini: ba sa son a cika wa yara ɗaki da gumakan dabbobi, kuma zancen miliyoyin shekaru yana sa su ɗar-ɗar, kada a raba yaro da abin da aka koya masa a gida. Wasu masanan ma suna da tasu fargabar, cewa ranar da aka sanar da jama'a darajar waɗannan duwatsu, ranar ce ƴan kasuwar bayan fage za su fara kwashe su zuwa waje.

A ɗora a ma'auni

Batun benci da aji gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce a ɗebi kuɗin gina azuzuwa a yi zauren nuni da su, bai san ciwon kansa ba. Sai dai hujjar tana da iyaka. In aka ce ba za a yi komai ba sai an kawar da azuzuwan zana 36,000, to yaron da ke aji biyu yau zai yi furfura yana jira. Kuma rashin iya karatu yana da dalilai fiye da rashin benci. Yaro yakan koyi karatu da sauri in akwai abin da yake ƙishin sani. Wanda ya tono bushiyar teku da hannunsa daga cikin yashi, ya ga an rubuta sunanta da Hausa a gefe, ya samu dalilin haɗa baƙaƙe wanda bulala ba za ta ba shi ba.

Hujjar riƙo kuwa, a ganina, ba ta da amsa, sai dai a sallama mata. Duk shirin da ya ƙunshi kifin teku mai rai, da ruwan gishiri, da na'urar sanyaya ɗaki, da manyan allunan lantarki da ake shafawa da yatsa, a binne shi tun yana takarda. Ko da tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, wadda aka ƙaddamar a 2018, ta nuna cewa rana na iya ba mu wuta, wuta kaɗai ba ta raya kifi. Sai da gwani mai albashi, da kayan gyara, da asusun da ba ya ƙafewa. Abin da za a gina dole ya zama wanda maƙerin gari da kafinta da magini da mai ɗinki za su iya gyarawa in ya lalace.

A kan dacewa ne ɓangarorin biyu suka fi kusa da juna, ko da yake ba su lura ba. Mai cewa a koyar da tafki da mai cewa a koyar da teku darasi guda suke nema: yadda halittun ruwa ke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Gansakuka na cin hasken rana, ƙwaro ya ci gansakuka, karfasa ta ci ƙwaro, tarwaɗa ta ci ƴar karfasa, zalɓe ko masunci ya ci tarwaɗa. Yaron da ya gane wannan sarƙa a Ɗan Dutsi ya riga ya gane ta Atlantika, sunaye da girma ne kawai za su sauya. Tsuntsayen da ke sauka a tafkunanmu da hunturu, wasunsu Bahar Rum suka tsallako daga Turai. In Magiya ba ta kai teku, ai kogin Rima da ke maƙwabtaka yana kaiwa: ya bi ta Goronyo da Sakkwato da Argungu, ya faɗa Kwara, Kwara ta kai shi Atlantika. Daga tafki ake fara tafiyar, a ƙare a teku.

Damuwar addini ma tana da magani a cikin tarihinmu. Kimanin shekaru 1,000 da suka wuce, malamin nan Albiruni ya lura da ɓawon halittun ruwa a cikin duwatsun da ake tonowa in ana haƙar rijiya a hamadar Larabawa, ya yanke cewa wurin teku ne a da. Ibn Sina ma ya yi magana a kan yadda halittu ke zama dutse. Babu wanda ya fitar da su daga Musulunci a kan haka. Abin da ya kamata shi ne a zauna da limamai da malaman allo tun kafin a sa tubali, a ji inda suke da ja, a bar sassaƙa gumaka tunda dutsen gaske yana nan, a kuma ba almajirai ranarsu. Su kuwa ɓarayin kayan tarihi, duhu suka fi so. Nijar na da dokar kare kayan gado tun 1997, kuma garin da yaransa suka san darajar dutsensu ya fi wuyar yi wa sata.

Irin zauren da zai rayu

In za a yi, ɗaki ɗaya da farfajiya mai inuwa sun isa, a gidan matasa ko a wata makaranta da ke tsaye da ƙafarta. A ƙofa a haƙa ramin yashi, a binne duwatsun Malbaza masu shatin halittu, a ba kowane yaro ɗan buroshi ya tono da kansa. Kusa da shi a ajiye turmi: a daka ɓawon ƙwai, a daka ƙumbar tafki, a daka farin dutsen, a matsa wa kowanne lemun tsami, yaro ya ga duka ukun suna kumfa iri ɗaya. Daga nan shi da bakinsa zai faɗi abin da dutsen yake.

A tsakiya a jera manyan kwatarni na yumɓu da kifayen gida masu jure zafi, karfasa da tarwaɗa da gaiwa. Gaiwa kaɗai darasi ce sukutum: kifi mai shaƙar iska, wanda in tafki ya ƙafe yake shiga laka ya naɗe kansa, ya yi watanni yana jiran ruwan farko. Sarkin ruwa ko wani tsohon masunci ya fi kowane malamin boko iya ba da labarinta, a ɗauke shi aiki. A gefe a gina siffar kwarin Magiya da laka, tudu ɗaya da ciyawa, ɗaya tsirara, yara su zuba ruwa da buta su ga wanne ke tura yashi cikin madatsa. A nan ne za a nuna musu katantanwar tsargiya, a kuma ja musu kunne game da ramukan damina.

Sai farfajiya, inda tekun yau za ta shigo. A sa kwano da ruwan gishiri a rana, a rufe da farar leda, yaro ya dawo ya lasa ɗigon da ya taru a jikin ledar ya ji babu gishiri. Ya ga damina ke nan a cikin kwano. A shata tsawon mita 30 a ƙasa da farin fenti, tsawon babbar dabbar teku da Faransawa ke kira balen, wadda ke shayar da ɗanta nono kamar ayu, a bar yara su kwanta kai da ƙafa su ƙirga su nawa ne za su cika ta. A ba su zare su riƙe, wannan shi ne tsiro, wannan ƙaramin kifi, wannan babba, wannan masunci, sannan a yanke zare ɗaya su ga yadda sauran ke saki. A sa wuri da murjani da gwangwanin kifi a faifai, kowanne da taswirar inda ya fito. Majigi ɗaya mai aiki da farantin hasken rana ya isa ya nuna musu igiyar ruwa tana motsi.

Duk rubutun ya kasance da Hausa, da boko da ajami, Faransanci ya biyo a ƙasa. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ga wurin da za a gwada ko maganar ta wuce takarda. Don ƴan ƙauye kuma a yi akwatunan ƙarfe masu ɗauke da ƙaramin samfurin komai, waɗanda babur ko amalanke za su kai makarantun Malbaza da Illela bi da bi. Masana ilmin ƙasa na jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da malaman jami'ar Tawa da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, za su iya tantance duwatsun su horar da malamai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekarun ilmin teku, ranar 8 ga Yuni kuma ita ce ranar teku ta duniya. A wurinmu ta faɗo daidai lokacin da manomi ke ɗaga kai yana duban gabas.

Hukuncina ke nan: masu cewa a gina sun yi gaskiya a kan bukata, masu cewa a dakata sun yi gaskiya a kan siffa. A gina, amma da laka da yashi da dutsen gida, kada a taɓa kuɗin azuzuwa, kuma kada a buɗe ƙofa sai an san wanda zai riƙa biyan mai kula da wurin shekara da shekaru. Magadan gari da kwamitocin iyayen yara su ne za su fara motsawa. Ga masu masana'antar siminti kuma roƙon ƙarami ne. Kullum manyan motoci na juye dutsen nan a bakin injin niƙa. A ware wa yaran Ƙonni kwando ɗaya kafin ya shiga.